Wa Ya Kai Labarin Kawu Cikin Littafi?

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, a ɗakin da ke jikin zauren gidana a nan Kankia, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa kabarinsa. Rubuta ta'aziyya ba aikina ba ne, ni da sai da na aurar da 'ya'ya biyu kafin na san yadda ake riƙe biro. Abin da na ji a zaman makoki ne ya tayar da ni. In na bar Kawu a bakin masu gaisuwa, nan da baɗi wanda za a riƙa tunawa wani mutum ne dabam da suka ƙera da harshensu, ba ƙanin uwata ba.

Ina zaune a tabarma ina jin su. Mace ta shigo ta ce ya haƙuri, mu amsa, ta gyara mayafi ta fara. Wannan ta ce bawan Allah ba ruwansa da kowa. Waccan ta ce tunda take ba ta taɓa jin ya ɗaga murya ba. Wata tsohuwa da ta zo daga Yashe har cewa ta yi shi irin waliyyan nan ne da Allah ke ɓoyewa a cikin mutane. Ita wannan tsohuwar kuwa, da kunnena na taɓa jin ta tana hana jikokinta bi ta ƙofar gidansa a Kusada, wai soja ne, kansa ba daidai yake ba. A waje kuma 'yan'uwansa malamai suna ta yi wa maza nasiha a kan cikawa da imani. Na kasa kunne ta katanga har aka watse, ba wanda ya furta kalmar soja ko da kuskure, kamar shekarun nan a bakin rijiya ya yi su yana alwala.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne yadda suka sa babbar 'yarsa a tsakiya. Taubashiyata ce, malamar firamare, mace mai jikoki. Kowa a dangi ya san akwai abu tsakaninta da ubanta, don haka suka kewaye ta.

"Ki ce kin yafe masa," in ji wata gwaggonta.

Ta ce, "Allah ya gafarta masa."

"Wannan kowa ma ya faɗa. Ke muke so mu ji. Ki ce na yafe, ya kwanta lafiya."

"Allah ya gafarta masa," ta sake cewa, idonta a kan tabarma.

Wata daga baya ta ce ai abin da boko ke jawowa ke nan, zuciya ta bushe. A nan na miƙe. Na ce wadda ta zo gaisuwa ta gaisa ta ci abin sadaka, wadda kuma ta zo shari'a, kotu tana can bakin titi, a gidana ba a yanke hukunci. Wasu sun yi fushi sun ɗauki takalmansu. Har yau ban bi kowa ban-haƙuri ba.

To bari in faɗi ko wane ne Kawu, yadda na san shi.

Gidan kakanninmu a Kusada gidan malamai ne, allo da tawada da noma. Shi kaɗai ya bauɗe. Lokacin yaƙin basasa ya gudu daga gaban malaminsa ya shiga soja, ko gemu bai tsiro ba. Da aka gama ya dawo da ƙafa biyu da hannu biyu, sai kowa ya ce alhamdulillahi, ba abin da ya same shi. Aka yi masa aure, aka yanka masa gona, aka rufe maganar.

Amma mu da muka tashi muna ganinsa mun san akwai abin da ya same shi. Kawu ba ya zama ya ba ƙofa baya. A masallaci ƙarshen sahu yake nema, kafaɗarsa a jikin bango. In ya ɗan kishingiɗa da rana, ba a taɓa shi, daga nesa ake kiransa. Ranar Babbar Sallah kuwa zai sayi ragonsa mai kyau, ya damƙa wa yayansa wuƙa, da an sauko daga idi ya saɓa fartanya ya nufi gonarsa ta wajen Bauranya. Ba ya dawowa sai an gama babbakar kai da ƙafa, iska ta kwashe ƙaurin. Mutane suka ce baƙin hali ne, wasu suka ce iskoki. 'Yan'uwansa suka yi ta ba shi rubutu yana sha, suna cewa ya yi haƙuri. Rubutu na yarda da shi, ni ma ina sha. Amma a cikin malaman nan duka, da karatunsu da rawaninsu, ba wanda ya taɓa zama kusa da shi ya ce, kai, me ka gani a can?

Ko da yake in an tambaya ma amsarsa ɗaya ce. Ka ce Kawu ya gona, ya ƙafa, ya labarin soja, sai ya ce, "Ya wuce." Ranar da aka sace masa akuya, ya wuce. Ranar da matarsa ta fari ta tafi, ya wuce.

Ita matar ita ce uwar taubashiyata. Ta koma gidansu a Kunduru da hannu a karye, ya ɗoru a karkace, a haka ta rayu har ta koma ga Allah. Yarinyar aka bar ta hannun kakarmu. Tun daga nan ban taɓa jin Kawu ya kira sunanta ba, ban taɓa ganin ya dubi fuskarta ba. In ya zama dole sai ya ce waccan. Dangi suka samu mayafin da za su lulluɓe abin, suka ce ai kunyar 'yar fari ce. Ni na san kunyar ɗan fari. Uwata ba ta taɓa kiran sunan yayanmu ba, amma in ya yi tari a bayan katanga sai ka ga ta ajiye muciya tana saurare. Abin da ke tsakanin Kawu da 'yarsa ba kunya ba ce, kowa ya sani, amma kiran shi kunya ya fi wa kowa sauƙi.

Kada a ce na zo tone-tone kawai. Lokacin da na shiga ajin yaƙi da jahilci, da furfurata, 'ya'yan cikina ma dariya suka yi. Kawu ne kaɗai, da ya zo cin kasuwa ya tarar da ni ina kokawa da baƙaƙe, ya karɓi fensirina ya fiƙe min shi da reza, tsaf, kamar mai fiƙe alƙalamin kara. Ya miƙo min ya ce, "Tahi ki yi. Ni na guje wa karatu, kin ga inda gudun ya kai ni." Wannan ita ce magana mafi tsawo da na ji daga bakinsa a lokacin. Shi ya sa da ƙafafunsa suka gaza, idonsa ya yi yana, 'ya'yansa maza na birni kowa ya kawo uzurinsa, na ce a kawo min shi. Gidana ya fi kusa da asibiti, kuma mijina ya rasu, ɗakin zaure ba kowa.

Mu matan da muka gama ajin nan ba mu so karatunmu ya yi tsatsa ba. Malamarmu ta ce mu riƙa haɗuwa ranar Asabar bayan la'asar mu karanta littafi tare. Tsakar gidana muke zama. Taubashiyata ta shigo cikinmu don ita ce bakinta ke gudu a karatu, mu kuwa in muka kama shafi ɗaya sai magariba ta riske mu. Da yake ita 'yar namiji ce ni 'yar mace, baiwa take kirana tun muna yara. Da ta shigo za ta ce, "Baiwa, ina ruwan uwar ɗakinki?" In ce, "Uwar ɗakin da ke zuwa gidan baiwa cin tuwo, randa na nan inda kika bar ta." Amma kafin ta iso tsakar gida sai ta bi ta zaure, ta gaban ƙofar ubanta. Ba ta tsayawa. Ta ce ina wuni tana tafiya, ya ce lafiya lau yana kallon bango. Haka kowace Asabar.

Da damina ta kama, Malama ta kawo wani littafi na Hausa. Labarin wani mutum ne da ya dawo daga yaƙi ya kasa zama da matarsa da 'yarsa. Ba zan faɗi sunan littafin ba, don ina da ƙorafi a kansa kuma marubucin ba ya nan balle ya kare kansa. Wallahi ban kawo komai a raina ba da aka fara. Ni a wurina littafi littafi ne, Kawu kuma Kawu ne.

Tun zaman farko aka fara musu. Hajiyar maƙwabta, wadda ba a gama babi ba ta yanke hukunci ba, ta ce mutumin nan aljanu ne suka shafe shi a dajin can, da an yi masa ruƙiyya da littafin bai kai haka kauri ba. Malama ta ce likitoci suna da suna ga wannan ciwon, na firgici ne da ke zama a ƙwaƙwalwa. Hajiya ta ce likitoci su ba shi suna, ita ta san mai shi. Akwai kuma mai shagon magani ta bakin tasha, Kirista ce, iyayenta mutanen kudu ne, amma Hausarta ta fi ta wasu 'ya'yanmu. Ita ta ce littafin ya yi ta bin sojan da tausayi, amma garuruwan da ya ratsa fa, ba mutane a ciki? Ta ce ita tana ƙarama a can lokacin, abin da ta tuna yunwa ce, kuma babanta ma da ya dawo ba a rufe ƙofa da ƙarfi a gidansu. Taubashiyata ba ta sa baki. Ta karanta, ta rufe, ta sa takalmi.

Sai ranar da aka zo wurin da sojan littafin ya je wani bikin suna, ƙaurin naman da ake gasawa ya buge shi, ya fita da gudu ya bar takalmansa. Mata na tafiya na ji sandar Kawu tana bugun ƙyaure. Na shiga na same shi zaune.

"Wa ya gaya mishi?"

Na ce, "Wa, Kawu?"

"Mai takardar nan. Wa ya kai mishi labarina?"

Na ce ba labarinsa ba ne, marubucin ko Kusada bai sani ba.

"Kar ki raina mani hankali. Muryar waccan na ji tana faɗi. Ita ta kwashe ta kai mishi, ya rubuta, ta dawo tana karanta wa matan gari a bayan ɗakina."

Na zauna na yi ta fama. Na ce Kawu, irin wannan ƙagaggen labari ake ce masa, mutum ne ke zama ya ƙirƙiro mutane daga kansa. Shi a saninsa abin da aka rubuta a takarda ko dai karatun addini ne ko maganar hukuma, duka biyun kuwa ba a ƙirƙirar su.

Ya ce, "Ƙarya ke nan?"

Na ce, "Ƙarya ce, amma kowa ya san ƙarya ce, ba a yaudari kowa ba."

Ya ce, "To wanga maƙaryaci ya san ni. Ban taɓa gaya ma kowa maganar ƙaurin nan ba. Mi ya sa ya sani?"

Na ce wataƙila ba shi kaɗai ba ne abin ya samu. Ya juyo da idanunsa masu yana ya dube ni kamar na zage shi. Mutumin nan ya haura shekara hamsin yana zaton shi kaɗai Allah ya jarraba da wannan a duk faɗin ƙasar nan. Na fito daga ɗakin raina a ɓace, ban ma san da wa nake fushi ba.

Kafin Asabar ta zagayo ya ce in ja masa tabarmarsa kusa da taga.

Ban ɓoye wa mata ba, ba na iya ɓoye-ɓoye. Na ce Kawu na saurare. Nan zama ya rikice. Hajiya ta ce a canja littafi, wannan cin fuskar dattijo ne. Malama sai haƙuri take ba ni kamar ita ta rubuta. Mai shagon magani ta ce shi ya ce a daina? Na ce a'a. Ta ce to a ci gaba. Ranar, da za ta fita, ta tsaya ta miƙa masa man zafin da take kawo masa na ƙafa. Ya tambaye ta sunan garinsu na asali, ta faɗa. Ya ce, "Ya wuce."

Ta ce, "Bai wuce ba, Baba. Amma ga maganinka, a shafa safe da yamma."

Taubashiyata kuwa ranar ta buɗe baki a karon farko. Ta ce tunda ana son ra'ayi, ga nata. Marubucin nan ɗan'uwan sojan ne. Babi bayan babi muna cikin kan mutumin, mafarkinsa, zufarsa, kukansa. Matar da ya doka fa? Shafi ɗaya, ta yi kuka ta ɗaure kaya ta tafi, ba a sake jin ɗuriyarta ba. Ta ce, "Ita ba ta da mafarki? Ita ba ta firgita in ta ji takun namiji?" Hajiya ta ce ai mace haƙuri aka san ta da shi. Taubashiyata ta ce, "Hajiya, da hannu nawa kike tuƙa tuwo?" Ta buɗe littafin ta ci gaba, amma daga ranar ta ƙara murya, tana fuskantar tagar. Ni ina tsakiya, ga uba a bayan bango ga 'ya a gabana, suna magana da juna ta bakin mutumin da bai san da zamansu a duniya ba. Sau nawa na ji kamar in fizge littafin in tura ta cikin ɗakin in ja ƙyaure.

Da aka zo babin ƙarshe ta bi shi da ido ita kaɗai kafin ta fara. Na ga fuskarta ta canja. Ta rufe ta ajiye min a cinya.

"Baiwa, yau ke za ki yi. Ni ba zan karanta wannan ba."

Ta fita. Ni na karanta, ina tuntuɓe, Malama na ɗaga ni. Sojan ya kwanta ciwon ajali, 'yarsa ta zo ta faɗa jikinsa tana kuka tana cewa Baba na yafe maka, ya yi murmushi ya cika. Hajiya ta share hawaye ta ce yanzu littafi ya yi ma'ana. Malama ma ta ce ƙarshen ya yi daɗi. Mai shagon magani ta taɓe baki ta ce a littafi abin ba ya wuya.

Sanda ta bugi ƙyaure tun mata ba su gama fita ba.

"Nan ya yi ƙarya ta gaske," in ji Kawu. "Duk sauran ya faɗi daidai, nan ya ɓata. Mutumin bai roƙe ta ba. Ana yafe ma wanda bai roƙa ba?"

Na ce ana yi, Kawu.

"Ba irin wanga ba. Kira mani ita."

Washegari da hantsi ta zo. Ta tsaya a bakin ƙofa, na tura ta ciki na zauna a dokin ƙofar, don na san in na matsa za ta fice. Kawu ya fara. Bai taɓa yi ba, sai maganar ta riƙa fitowa a gutsure. Wani kogi da suka ƙetare. Wani gari da aka ce babu kowa a ciki, aka ce su sa wuta, ashe akwai. Ya ce ƙaurin ya kwana uku a rigarsa.

Ta katse shi. "Ni ba yaƙinka na zo ji ba. Wannan tsakaninka da mutanen garin ne da Allah. Ka gaya min ranar da ka karya hannun Inna."

Ya ce, "An gaya mani na yi. Wallahi ban tuna ba."

"Ba ka tuna ba."

"Na tuna da safen. Na tuna mutane cike da gida. Tsakani babu."

Ta ce, "To ni na tuna." Ta tsallake ƙafata ta fita.

Ya ce in gaya masa ni. Na ce ba a gabana aka yi ba, ji na yi a bakin uwata, mai labarin ga ta can ta tafi. Da yamma na sa hijabi na bi ta gida. Na same ta tana tankaɗe, ko kallona ba ta yi ba.

Ta ce, "Kin ji ko? Ya manta. Ni na ɗauko shi tun ina 'yar ƙarama har na yi jikoki, shi ya ajiye a nan tsakar gidan ya tafi gona."

Na ce, "To ki mayar masa da kayansa."

"Ban gane ba."

Na ce, "Damina guda kina karanta wa matan unguwa labarin 'yar wani. Naki ne bakinki ba zai iya ba? Mutumin nan ba zai kai wata daminar ba, ke ma kin gani. In ya tafi, wa za ki gaya wa, ni? Ni na riga na sani."

Ta ce in fita mata daga gida. Na ce baiwa ba ta fita sai ta ga dama. Muka yi ta yi har mijinta ya yi gyaran murya daga waje.

Bayan kwanaki sai ga ta, ba ranar Asabar ba. Wannan karon da kanta ta shiga ta zauna a ƙasa. Ta faɗa masa da irin muryar da take karatu, ba kuka. Ta ce ya dawo daga gona ya kishingiɗa a inuwar rumbu. Inna na daka, kwanon awo ya suɓuce mata ya faɗi a kan dutsen niƙa, a bayan kansa. Ya zabura ya fizge taɓaryar. Ta ce ita tana ƙarƙashin rumbun tana wasa da 'yar tsana, ta ga ƙafafunsu kawai, ta ji ƙarar ƙashin. Ta ce Inna ba ta yi ihu ba, sunansa take ta kira don ya farka. Ta faɗi yadda uwarta ta koyi ɗaura zane da hannu ɗaya, da yadda take aiko mata duk Sallah ta je ta gaishe shi, tana cewa ubanki ne.

Kawu bai motsa ba har ta gama. Hawaye na bin gemunsa bai share ba. Ya ce, "Na ji. Ni na yi. Ki yafe mani."

Ko a nan bai kira sunanta ba, "ke" kawai ya ce da ta miƙe. Wannan kam na riƙe shi a kansa, Allah ya yafe mana ni da shi. Kalma ɗaya ce, shi ya raɗa mata ita da bakinsa.

Ta tsaya a ƙofa ta ce, "Na ji." Ba ta ƙara ba.

Ya kai har aka cire gyaɗa. A tsakanin nan in ta zo takan ɗan tsaya a ƙofarsa ta tambayi ƙafar. Sau ɗaya ta kawo masa kunun tsamiya a kwanonta, ta ce in ba shi, kada in ce daga ina. Na ce masa daga ina, mana. Ya shanye tas, shi da ba ya gama kofi. Bai sake roƙonta ba, ita ma ba ta sake tayar da maganar ba. Na so su ƙara ko taku ɗaya, ba su ƙara ba. Ranar Talatar da ya cika tana aji tana koyarwa.

Shi ya sa masu cewa ta faɗa a gaban jama'a suka ba ni haushi. Ina suke duk shekarun nan? Waɗanda suka ɗaure wa uwarta kaya suka ce ta yi shiru, su ne yau ke son a wanke musu zuciya da kalma biyu kafin shinkafar sadaka ta huce. Kawu da kansa ya ƙi irin wannan yafiyar da aka karanta masa ita a littafi. Ba waliyyi ba ne, ba kuma mahaukaci ba ne. Yaro ne da aka kai inda bai kamata ba, ya yi abin da ya yi a can, ya dawo ya yi wani a gida, aka bar shi da shi, shi ma ya bar 'yarsa da shi. A ƙarshe ya zauna ya saurari laifinsa daga farko har ƙarshe bai kare kansa ba. Maza nawa kuka sani da suka yi haka?

Bayan sadakar bakwai ta zo ranar Asabar tun mata ba su taru ba. Ina ɓarar gyaɗa, ta ja kujera ta sa hannu. Ni ba na iya kewaye-kewaye, na tambaye ta kai tsaye, mu biyu, ko ta yafe.

Ta daɗe tana murza ɓawo a tafin hannunta. Ta ce, "Kullum in na idar da sallar asuba ina gwadawa. Wata ran ya fita. Wata ran in na buɗe baki sai in ga hannun Inna, ya ƙi."

Na ce, "Yau fa?"

Ta ce, "Yau ya ƙi. Jiya ya fita."

Na ce to gobe ma akwai asuba. Ta ce ta sani, in daina yi mata wa'azi in miƙo faranti.

Allah ka ji roƙon Kawu, ka ji na matar da ya karya, ka ji na mutanen garin da ban san sunansa ba. Ka yi masa rahamar da ta fi tamu yawa, ita kuma ka yawaita mata safiyoyin da kalmar ke fita. Amin.